Babi na Shida: Ƙaramin Wasa da Mutanen da Ke Ƙarasa Shi

Kasuwa biyu ce ke amsa sunan Suk al-Shabi a babban birnin Sudan, ɗaya a kudancin Khartoum, ɗaya a ƙetaren kogi, a Omdurman. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, kowaccensu wurin ciniki ce, kuma mahaɗar matafiya. Motocin larduna na lodi, 'yan raksha na kutsawa tsakanin mutane, mata masu shayi sun jera ƙananan kujeru a gindin bango, ƙamshin gahawa da citta na tashi daga gawayi. Abin da ya fi komai yawa a irin wannan wuri shi ne jira. Fasinja na jiran mota ta cika, mai shago na jiran mai saye, yaron mota na jiran direba ya dawo daga salla. Dā can dattawa kan haƙa gurabe a ƙasa su kafa sija, wasan da ake yi da gurbi 25 da tsakuwa 12 ga kowane ɗan wasa. Daga baya waya ta karɓe hannun matasa, aka koma Ludo da Candy Crush da PUBG.

A cikin masu jiran nan akwai Hausawa, kuma ba baƙin jiya ba ne. Kakanninsu sun biyo hanyar hajji da ƙafa, wasu kuma sun zo ne bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'arsa zuwa gabas har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, a garin da ake kira Mai Wurno har yau. Jikokinsu sun yi noman auduga a Jazira, sun yi dako da ɗinki da sayar da agashe a birane. Da Larabci suke ciniki, da Hausa suke hirar gida. Wasannin da suka cika wayoyin jama'a kuwa an ƙera su ne a Indiya da Turai da Koriya, ba da tunanin mai zaman jira a tashar Omdurman ba.

Akwai dalilin da ya sa sana'ar ƙera manhaja ta yi nauyin tashi a Sudan. A Nuwamban 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, wanda ya toshe wa mutane hanyoyin sayen manhaja da biyan kuɗi ta intanet. Sai a Fabrairun 2015 aka sassauta a kan kayan sadarwa, aka ɗage babban takunkumin a Oktoban 2017. Ga kuma katse layi. Bayan kisan masu zaman dirshan a Khartoum ranar 3 ga Yunin 2019, an rufe intanet na waya sama da wata guda, har wani lauya ya kai ƙara kotu. Da farko layinsa shi kaɗai aka buɗe, sai da ya koma kafin a buɗe wa kowa. An sake rufewa bayan juyin mulkin Oktoban 2021, an kuma sake a Fabrairun 2024 ana tsakiyar yaƙi. Wanda ya rayu a haka ya saba karɓar manhaja hannu da hannu, daga wayar aboki ko daga kwamfutar mai shagon caji, kamar yadda ake yi wurin masu tura finafinai a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano.

Da yawa za su ce irin wannan yanayi bai bar wa mai ƙera wasa ƙofa ba. Ni a ganina ya rufe ƙofar babban wasa ne kawai, mai cin data da batir da ma'aikata ɗari. Ƙaramin wasan wasa ƙwaƙwalwa, wanda mutum ɗaya zai iya ɗinkawa a ɗakinsa, nan ne ma gidansa. Labarin da ya fi nuna yadda ake renon irin wannan wasa shi ne na Wordle.

Josh Wardle mutumin Wales ne, injiniyan manhaja da ke zaune a lokacin a Brooklyn ta birnin New York. Tun 2013 ya gwada wani wasan cankar kalma: kwamfuta ta ɓoye kalma mai harafi biyar, kai kuma ka canka sau shida. Harafin da ya faɗa gurbinsa ya zama kore, wanda yake cikin kalmar amma ba a nan yake ba ya zama ruwan ɗorawa, wanda babu shi ya zama ruwan toka. Ya nuna wa abokai, ba su ɗauka da zafi ba, sai ya ajiye. Matsalar ba ta dokar wasan ba ce. Ya zuba duk kalmomin Turanci masu harafi biyar ne, kusan 12,000, mafi yawansu ko Bature bai taɓa jin su ba. Mutum ya ƙare canka shida, a nuna masa kalmar da bai sani ba, sai ya ji kamar an yi masa wayo.

Lokacin kullen korona, shi da abokiyar zamansa Palak Shah suka duƙufa kan wasannin kalmomi na jaridar New York Times. Sai ya tono tsohon aikinsa don ya yi mata kyauta. Ita ce ta bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya tana ware waɗanda ta sani da waɗanda ba ta sani ba, har aka tsaya a kan kusan 2,500. Wannan tacewar ita ce ran Wordle, kuma ba mai rubuta manhajar ne ya yi ta ba, 'yar wasa ta farko ce. Daga su biyu wasan ya shiga zauren WhatsApp na danginsa, suka kamu da shi. A Oktoban 2021 ya sake shi ga duniya a wani shafin intanet maras ado. Ranar 1 ga Nuwamba mutum 90 ne suka buga. Ranar 2 ga Janairun 2022 sun haura 300,000, kafin wata ya ƙare kuma ana maganar miliyoyi.

Abin da ya faru a tsakanin waɗannan ranaku biyu ya cancanci a tsaya a kansa. Wasu 'yan wasa a ƙasar New Zealand suna son nuna wa juna yadda suka kaya da kalmar ranar, amma ba sa son tona amsar ga wanda bai buga ba. Sai wata daga cikinsu ta fara jera 'yan murabba'ai masu launi da hannunta, kore da ɗorawa da toka, layi bisa layi, ba harafi ko ɗaya. Wanda ya buga zai karanta labarin duka a ciki: nan ta yi ɓatan kai, nan ta kusa, nan ta dace a canka na biyar. Wardle ya ga abin a Twitter. Ba wanda ya rubuto masa yana roƙo. Ya lura ne da wahalar da mutane ke sha don yin wani abu da wasansa bai ba su ba, sai a tsakiyar Disamba ya saka maɓalli ɗaya da ke jera murabba'an da kansa. Bai ma liƙa adireshin shafinsa a jiki ba. Mutane suka riƙa ganin waɗannan launuka suna tambayar mene ne wannan, tambayar kuma ita ta yi masa tallar da kuɗi ba za su saya ba.

Sauraron 'yan wasa ba yana nufin yi musu duk abin da suka faɗa ba. Kukan da aka fi yi masa shi ne kalma ɗaya a rana ta yi kaɗan, a bari mutum ya yi ta bugawa. Ya ƙi. Bai sa talla ba, bai nemi kowa ya yi rajista ba, bai aika wa kowa saƙon tunatarwa ba. Minti uku ka gama, ka koma harkarka, sai gobe. Kuma da yake kowa a duniya kalma ɗaya yake nema a ranar, sai wasan ya zama abin hira tsakanin uwa da ɗanta da ke wata ƙasa, tsakanin abokan aiki a ofis. Da ya biye wa masu son ƙari, da kowa ya shige nasa lungu, hirar ta mutu. A wani wurin kuma an kula da ƙorafi mai tushe: akwai mutanen da idonsu ba ya bambance kore da ɗorawa sosai, don haka wasan yana da zaɓin launin lemo da shuɗi. Bambancin a fili yake. Na farko son rai ne da zai ɓata wasan, na biyu kuwa shinge ne da ke hana mutum shiga gaba ɗaya. Gane wanne ne wanne shi ne rabin sana'ar, kuma ba a koyon sa daga littafin manhaja.

Ranar 31 ga Janairun 2022 New York Times ta sanar da cewa ta sayi Wordle a kan kuɗin da ya haura dala miliyan ɗaya. Da labarin ya fita, sai mutane suka gano wani abu da ya shafe mu kai tsaye: a lokacin duk kalmomin da dokokin suna cikin shafin ne, ba a wata kwamfuta mai nisa ba. A wancan lokacin kana iya ajiye shafin a na'urarka ka yi shekaru kana bugawa ba tare da intanet ba. Wasan da ya mamaye duniya a wancan lokaci, da zai yi aiki lafiya lau a Omdurman ranar da aka katse layi.

Ba kowane labari ke ƙarewa da daɗi haka ba, kuma rashin adalci ne a ɓoye wa matashi wannan. Asher Vollmer da Greg Wohlwend sun shafe wata 14 suna gyaran wani wasan haɗa lambobi mai suna Threes, suka fitar da shi a Fabrairun 2014 a kan 'yan daloli. Cikin makonni aka kwaikwaye shi. A Maris wani matashi ɗan Italiya mai shekara 19, Gabriele Cirulli, ya haɗa 2048 a hutun ƙarshen mako guda, ya sake shi kyauta, bai kuma ɓoye inda asalin dabarar ta fito ba. Wasu suka ɗauki nasa suka cika shi da talla suka kwashi kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masu Threes ba su da abin yi sai suka wallafa ɗaruruwan wasiƙun da suka yi wa juna lokacin aikin, don mutane su ga hanyoyin da suka bi suka watsar kafin su kai ga abin da ake gani kamar mai sauƙi. Doka mai sauƙi ba ta da wuyar sata. Abin da ɓarawo ba ya iya ɗauka shi ne jama'ar da suka san ka, suka san kana jin maganarsu.

Kusa da gida akwai Lual Mayen. An haife shi a kan hanyar gudun hijira daga yaƙin kudancin Sudan, ya tashi a sansani a arewacin Uganda. Mahaifiyarsa ta yi shekara uku tana tara kuɗin ɗinki har ta saya masa kwamfutar cinya ta dala 300. Yakan yi tafiyar sa'o'i uku a ƙafa don ya yi mata caji, ya koya wa kansa rubuta manhaja, ya ƙera wani ƙaramin wasa mai suna Salaam a kan zaman lafiya. 'Yan wasansa na farko maƙwabtansa ne na sansani, ta Bluetooth wasan ya riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya. A 2018 aka karrama shi a bikin The Game Awards a Amurka, ya kuma kafa kamfaninsa, Junub Games. Ba hujja ba ce cewa kowa zai kai inda ya kai. Hujja ce cewa rashin kantin Google da rashin katin banki ba su hana wasa samun masu buga shi.

To, a ce yau wata yarinya ko wani saurayi Bahaushe, a Omdurman ko Maraɗi ko Zariya, ya zauna zai yi wa mutanensa irin wannan wasa. Tun a ranar farko zai ci karo da tambayoyin da Wardle bai taɓa fuskanta ba. Kusan duk kalmomin Hausa na asali da wasali suke ƙarewa, kuma baƙi da wasali ne ke bin juna a jere, don haka gurbin ƙarshe kusan kyauta ne, canka shida na iya yin yawa. Wataƙila sai an ƙara tsawon kalmar, ko a sa gaɓa a kowane gurbi maimakon harafi. Sai batun sh da ts: harafi ɗaya ne ko biyu? Kalmar tsari gurbi huɗu za ta ci ko biyar? Ga masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda yawancin masu rubutu a waya ba sa saka su, alhali kafa daban ƙafa daban. Najeriya na rubuta 'y, Nijar na rubuta ƴ. Ga karin harshe: in kalmar biyar ce amsar ranar, Basakkwace da ya rubuta biyat ya yi kuskure ke nan? Turawan Ingila sun yi ta ƙorafi ranar da Wordle ya kawo kalma da rubutun Amurka, su da bambancinsu harafi ɗaya ne tak. Namu ya fi haka faɗi. Babbar tambaya kuma ga Hausawan Sudan ita ce ta rubutu kansa, don da yawansu da haruffan Larabci suka yi makaranta, ajami ya fi musu kusa da boko.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da za a warware a ɗaki da ƙamus. Ƙamusun Bargery na 1934 taska ne, amma wanda ya zuba shi gaba ɗaya cikin wasa ya maimaita kuskuren 2013. Ana bukatar wata Palak Shah, ko ma guda goma: tela, mai shayi, ɗalibar sakandare, direban da ya san Hausar garuruwa da yawa, kowa ya ce wannan na san ta, wannan ban taɓa ji ba.

Ba dole ba ne ma sai kalma. Muna da dara, gurbi 30, 'ya'ya 12 ga kowane ɓangare, a fara da dasawa, sannan a riƙa matsawa gurbi ɗaya har wani ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Jaridun Turai sun daɗe suna buga matsalar wasan ces ta rana, inda ake nuna allo a ce ka kashe sarki cikin motsi biyu. Ana iya yi wa dara haka, a yi wa sija haka: ga yadda allo yake, ci cikin motsi biyu, matsala ɗaya kowace safiya. Ba ya bukatar karatu, ba ya bukatar data, zai shiga mafi arhar wayar Android. Amma wanda zai yi sai ya durƙusa gaban dattawan dara ya koya, don dokar wani gari ba ita ce ta wani ba, kuma ba za su yafe wa wasan da ya bar mutum ya jera huɗu ya ce ya ci ba.

Yadda ake gwaji kuwa ba shi da tsada, sai dai yana da ɗaci. Ka miƙa wa mutum wayar, ka rufe bakinka. Kada ka yi bayani, don ba za ka bi kowa gida ka yi masa bayani ba. Ka dubi babban yatsansa. Zai danna inda ba maɓalli, ya sake dannawa, ya ɗaga kai ya kalle ka. Zai kare allon da tafin hannu saboda hasken rana ya cinye launukan da suka yi kyau a ɗakinka. Allon nasa ma a tsage yake ta kusurwar da ka ajiye maɓalli mafi muhimmanci. In ya miƙo maka yana cewa “Ma sha Allah, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira,” to ka gode masa, amma kada ka rubuta komai, kunya ce da kara irin tamu. In kuwa na kusa da shi ya leƙo ya ce “Kai, ba nan ba, matsar da wancan,” har suka fara musu suka manta da kai, ka samu abin da kake nema. Mai shagon caji da ya ce “Tura min, yara za su so shi” ya fi maka sharhi ɗari na baƙi. Daga nan sai zauren WhatsApp, inda za a turo maka saƙon murya na minti huɗu a kan kalma ɗaya. Ka saurara har ƙarshe, ka amsa da girmamawa, ka ce “Baba, na ji, za a duba,” kuma ka duba ɗin da gaske. In ka gyara, ka faɗi sunan wanda ya nuna maka, da izininsa.

Maganar kuɗi gajeriya ce, don gaskiyarta gajeriya ce. Mafi yawan ƙananan wasanni ba sa ciyar da mai su. Wardle yana da aikinsa lokacin da ya yi Wordle. Tallar waya a ƙasashenmu ba ta biyan abin kirki, tana kuma cinye datar talaka. Wanda zai shiga ya riƙe sana'arsa, ya ɗauki wasan a matsayin makaranta da kuma shaidar aiki da zai nuna gobe. In jama'a sun taru, hanyoyi kan buɗe: makaranta mai son wasan koyar da karatu, gidan rediyo mai son kacici-kacicin rana, ko gudummawar 'yan wasa ta manhajar Bankak a Sudan ko tura kuɗi ta waya a Najeriya da Nijar.

Yaƙi ya ɗaiɗaita kasuwannin Khartoum da Omdurman, an wawashe shaguna, an ƙona wasu, sama da mutum miliyan 10 sun bar gidajensu. Waɗanda suke zaman jira a Suk al-Shabi dā, sun warwatsu zuwa Port Sudan da Kassala da Gadarif, wasu a Masar da Chadi, wasu sun koma wurin dangin da kakanninsu suka baro a Kano da Sakkwato. Akwai mai cewa ba lokacin wasa ba ne. Ban yarda ba. Iyalin da suka rabu gari uku suna bukatar abin da za su yi magana a kai da safe wanda ba lissafin wanda ya rasu ba, kuma yaron da ya yi shekara biyu ba makaranta yana bukatar abin da zai riƙe masa haruffa da lissafi. Ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai karanta wannan babi, in kana da kwamfuta ko da tsohuwa ce, kuma ka fara koyon rubuta manhaja, kada ka jira sai ka iya ƙera irin PUBG. Ka zaɓi doka ɗaya, ka yi wasan da ba ya neman intanet, ka kai shi tasha mafi kusa da kai a wannan makon, ka miƙa wa mutum na farko da ka ga yana jiran mota.